Hanyar Sarkin Yamma: Motar Kara da Jirgin da Ake Jira

Wanda ya tashi daga Kano zai je Sarkin Yamma, mota ce abin hawansa daga farko har ƙarshe. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya iso a 1911, tana bayansa lokacin da ya kama hanyar Bichi da Tsanyawa da Kankiya zuwa Katsina. Daga Katsina sai Jibiya, sai bakin iyaka a Magama, sai Ɗan Isa a ɓangaren Nijar, inda naira ke komawa sefa amma Hausa tana nan yadda take, sai ɗan bambancin kari. Daga nan kwalta ta miƙe, ta wuce mararrabar Madarunfa mai tafki, ta faɗa Maraɗi. A Maraɗi matafiyi zai gangaro daga tudun da garin ya koma bayan ambaliyar 1945, ya ratsa fadamar gulbi, ya haye yamma, ya shiga ƙasar Sarkin Yamma, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa, tare da Madarunfar kanta da Safo da Gabi da Jiratawa da Ɗan Isa. Jirgin ƙasa bai taɓa ɗaukar fasinja ko buhu ɗaya a wannan yanki ba. Saboda haka idan aka kawo zancen masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur, masu gina musu tasha da gada da gari, har su shafa musu ƙura da tsatsa don su yi kama da tsofaffi, mai sauraro zai ce zancen ya ɓata hanya. Ni kuwa a ganina nan ne gidansa, domin abin da ya fi wuya a wannan sana'a ba a kanti ake sayensa ba, kuma yaran ƙauyukan nan sun daɗe da mallakarsa.

Sai an san mene ne abin tukuna. Tun a 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje ƙananan jirage masu wani a kasuwar Leipzig, da dogo mai faɗi tsayayye wanda za a iya sayen ƙarinsa a haɗa. Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, Hornby kuma ya fara nasa a Ingila a 1920. Da farko kayan wasan yaran masu hali ne. Daga baya manya suka karɓe, suka kawo ma'auni, wato a rage komai da kashi ɗaya tak. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage kowane abu sau 87, faɗin dogo ya zama milimita 16.5. Akwai N mai ragi sau 160, akwai Z mai ragi sau 220 wanda Märklin ya fitar a 1972. A birnin Hambug an buɗe Miniatur Wunderland a 2001, yau dogonsa ya haura kilomita 16 a cikin gini, mutane na biyan kuɗi suna bin layi don kallo. Wannan ɓangaren na masu dukiya ne, babu musu, kuma da a nan abin ya tsaya, da bai shafi kowa a Sarkin Yamma ba.

Amma ba a nan ya tsaya ba. Waɗanda suka yi nisa a sana'ar sun gane cewa jirgin da aka ciro daga kwali yana ƙyalli bai yi kama da kowane jirgi na duniya ba, domin babu taragon da zai yi mako a kan hanya bai ɗauki datti ba. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, John Allen na garin Monterey a Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka fara nuna haka. A 1948 ya ci gasa da 'yar ƙaramar rumfar kan jirgi wadda ya koɗar da fentinta, ya ɗora tattabaru a rufinta har da kashinsu. Shimfiɗar ƙananan jiragen da ya yi shekaru yana ginawa a gidansa, mai suna Gorre & Daphetid, ta ƙone kwana goma bayan rasuwarsa a Janairun 1973, amma darasinsa ya zauna. Yau mai tsufar da jirgi yana tsarma fenti ya zama ruwa-ruwa don ya gangara cikin tsagogi, yana goga busasshen buroshi a kan kusurwoyi, yana daka alli mai launi ya barbaɗa. Hannu na iya koyon wannan a wata biyu. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda datti ke zama: tsatsa daga kan ƙusa take farawa ta zubo ƙasa bin sawun ruwa, ƙura daga tayoyi take tashi ta yi sama, hayaƙi a rufi yake kwanciya, baƙin mai kuma inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Wanda bai tsaya ya ƙura wa abu ido ba, ko ya tara fentin duniya, sai dai ya ɓata jirgin. Ashe jarin sana'ar ido ne.

To, me idon yaron Sarkin Yamma ya gani? Tarihin ƙasar ne ya zaɓa masa. Maraɗi ta yi arziki da jirgin da ba ta taɓa gani ba. Turawan Ingila sun kai dogo Ƙaurar Namoda a 1929, sun kai Nguru a 1930, duk suka tsaya kafin iyaka. Na Faransa kuma sun taso daga Kwatano suka tsaya a Faraku a 1936. Gyaɗar da aka noma a ƙasar Maraɗi sai ta hau raƙumi da jaki, daga baya ta hau mota, ta nufi Kano inda ake jera buhuna dala-dala ana jiran tarago zuwa Legas. Daga 1953 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle don karkatar da wani kaso na gyaɗar zuwa Faraku, nan ma a bayan mota. Alhazan Maraɗi da aka yi littafi a kansu, da yawansu a tsakanin gona da bakin dogo suka tara abin da suka tara. Babbar mota ita ce ta cike gurbin da dogo ya bari, ita ce ke wucewa da ƙara da ƙura, direbanta da yaran motarsa su ne mutanen da suka ga duniya. Shi ya sa yaron ƙasar nan ke ƙera gingimari da tirela da a-kori-kura. Ba ya ƙera jirgin ƙasa, don hannu ba ya kwaikwayon abin da ido bai gani ba.

Wanda ya bi ƙauyukan nan da kaka, bayan an girbe hatsi kara ya yi yawa, ya kamata ya tsaya ya karɓi motar kara ɗaya ya juya ta a hannu. Ana feƙe ɓawon karan dawa a fitar da siraran tsinke masu ƙarfi, su ne ƙusoshi. Totuwar ciki mai taushi ita ce katako, ana yanka ta guntu-guntu da reza ana soke ta da tsinken, ba manne ba ɗauri. Taya daga sakaina take, ko tsohon silifas da aka yanke zagaye, ko murfin kwalba. Masu langa-langa da gwangwanin madara da na tumatir sun ƙara gaba, har da sitiyari mai dogon hannu wanda ke juya tayoyin gaba da gaske, da makarin da ke lotsawa idan an yi lodi. Abin lura ba ƙirar ba ce kawai. Sai ka ga an rataya 'yar taya a ƙarƙashin bodi, an maƙala ɗan tsani a gefe, an saƙala madubi biyu, an rataya 'yar jarka, an tula lodi ya zarce kai ya karkata gefe ɗaya kamar yadda motar ranar kasuwa ke karkata. Babu wanda ya ba yaron zane. Ya tsaya a bakin hanya ne ya haddace. Wannan shi ne daidai abin da John Allen ya yi da kashin tattabara: ƙin yarda da motar da ke cikin talla, da nacewa kan motar da ke kan hanya.

Mai ja zai ce wannan wasa ne, wancan kuwa ƙira ce ta lissafi, kuma haɗa su son zuciya ne. Yana da gaskiya a wuri ɗaya. Motar kara ba ta da ma'auni. Tayarta kan yi girma fiye da kima, kanta kan rinjayi jikinta, kuma idan aka jera ta kusa da ɗan rumbun da wani yaro ya gina, ɗaya zai haɗiye ɗaya. Sai dai wannan giɓin shi ne mafi sauƙin cikewa, domin rabawa ce kawai, irin wadda ake koyarwa kafin a gama firamare. A ma'aunin HO, mutum mai tsayin mita 1.74 santimita 2 ne. Rumbu mai mita 3 bai kai santimita 3.5 ba. Gawo mai mita 15 ya ɗan haura santimita 17. Lissafin yana kuma koyar da abin da ba a zata ba: ƙwayar yashi mai kaurin milimita 1, idan aka zuba ta a shimfiɗa, ta zama dutse mai kusan santimita 9, don haka yashin gulbi ba zai yi aikin yashi ba sai an tankaɗe shi da rariya mafi laushi an ɗauki garin. Malamin da ya ba ɗalibansa igiyar awo ya ce su auno rijiyar gari su rage ta sau 87 ya koyar da kashi da awo a yini ɗaya, kuma ba za su manta ba. Akasin haka ne ke da wuya, wato a ɗauki wanda ya iya lissafi a koya masa gani.

Ƙasar Sarkin Yamma kuwa jarrabawa ce mai tsanani ga mai gani. Littattafan Turawa na tsufar da jirgi sun ginu ne a kan damshi: gansakuka a gindin bango, baƙin kwal, tsatsa mai jiƙa. A nan rana da ƙura ne ke mulki. Ja yana koɗewa ya koma ruwan hoda, shuɗi ya yi fari-fari, roba ta tsattsage, kuma da hunturu iskar arewa maso gabas tana shimfiɗa farar ƙura mai laushi a kan komai, wadda ba launinta ɗaya da jar ƙurar hanyar burji ba. Hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas ne ke fara zaizayewa, kowane magini ya sani, kuma wanda ya yi gidan ƙasa ɗan ƙarami ya cinye bangon yamma ya bar na gabas sumul ya tona asirin kansa. A ƙarƙashin indararo akwai ramin da ruwa ya haƙa. Jinka sabuwa ruwan ɗorawa ce, ta shekara uku toka-toka. Gawo, wanda ya dawo gonakin ƙasar Maraɗi da yawa tun da manoma suka rungumi sassaben zamani daga shekarun 1980, yana da halin da ke kayar da baƙo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore. Duk wanda ya sa gawo mai ganye a tsakiyar gero mai kore ya haɗa lokuta biyu da ba sa haɗuwa. Haka gulbin kansa, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina ya ratsa Jibiya da Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri kafin ya koma Najeriya ya faɗa Rima: watanni kaɗan yake da ruwa, sauran shekara rairayi ne da sawun shanu da amalanke. Dole mai gini ya zaɓi wata ɗaya ya tsaya a kansa. Kayan aikin kuma suna ƙarƙashin ƙafa. Turawa na sayen garin launi a 'yan kwalabe, alhali nan ga jar ƙasa da farar ƙasa da toka da gawayi da baƙin tukunya, ga tsatsar tsohon kwano a kankare a daka, ga ƙaro da ake sa wa tawada a jiƙa shi ya riƙe su.

Abin da ya sa zancen ya zama na yanzu shi ne jirgin yana tafe. A Satumban 2020 gwamnatin Najeriya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 1.96 don shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ya samu aikin, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a Fabrairun 2021. An sha ɗaga ranar gamawa, kuma mutumin Nijar yana da dalilin yin taka-tsantsan, tunda dogon Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka yi bikinsa a 2016, yana kwance babu zirga-zirga. Amma ko jirgi ya makara, hanyarsa tana sauya ƙasa tun kafin ya iso: a sare itace, a tara tudu, a datse burtali, a matsar da gona. Ta ɓangaren Jibiya layin zai shigo Maraɗi, Sarkin Yamma tana can yamma da gulbi, sai dai kasuwar da take kai gero da wake da dabbobi ita ce za ta sauya. Wani ɗan Ostireliya, Roye England, ya ga irin wannan a kudancin Ingila bayan isarsa a 1925. Ya ga ana rushe gidajen jinka na kwarin White Horse ana musanya su, sai ya riƙa bin su da igiyar awo da kyamara da littafi, yana gina su da kwali da fentin ruwa, ragi sau 76. Daga nan aka samu gidan tarihi na Pendon a 1954. Akwai jirgi yana ratsa shimfiɗar, amma mutane ƙauyukan suke zuwa gani. Abin da ya kamata a gina a ƙasar Maraɗi ke nan: garin da jirgi zai tarar, kafin kwano ya gama korar jinka, bulo ya gama korar tubali.

Wani zai ce ai ga waya a kowane aljihu, hoto ya wadatar. Hoto yana da amfani, Roye England ma da shi ya yi aiki. Amma hoto ba ya tilasta wa mai ɗaukarsa sanin komai. Ana iya ɗaukar rumbu sau ɗari ba a san duwatsu nawa ke ƙarƙashinsa ba, ko dalilin ɗaga shi daga ƙasa, ko yadda ake ɗaure bakin jinkarsa. Mai ginawa dole ya je ya tambayi dattijon da ya iya, don in bai tambaya ba ɗan rumbunsa ba zai tsaya ba. Akwai kuma ja mai nauyi fiye da wannan. Yankin Madarunfa ya sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, jihar Maraɗi ta karɓi dubban masu gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. A irin wannan hali, magidanci ya zauna yana soke totuwa, ai sai a ce ya rasa aikin yi. Ba zan ce ɗan jirgi yana maganin yunwa ba. Abin da zan ce shi ne al'umma ba ta jira sai ta ƙoshi kafin ta yi ado. An yi ɗinkin aska takwas a shekarun fari, an yi zanen ƙwarya da zankon soro, kuma babu wanda ya kira masu yin su marasa aikin yi, saboda an daɗe da ba su suna da daraja. Motar kara ce kawai aka yanke wa hukuncin cewa da an yi kaciya an girma sai a bar ta. Hannun ba ya ɓacewa, yana komawa garejin kanikanci ne ko rumfar masu walda ko wajen masu ƙera fitila da mazurari daga gwangwani. A jami'ar MIT ta Amurka, ƙungiyar ɗalibai masu ƙananan jirage da aka kafa a 1946 ita ce ta fitar da wasu daga cikin matasan farko da suka ƙware a sarrafa kwamfuta, saboda wayoyin da ke ƙarƙashin tebur ne suka koya musu tunanin. Can an bar yaro ya girma da abinsa.

Sauran ja biyu gajeru ne. Na farko batun sura, wanda mai karatu Musulmi zai tuna tun kafin a faɗa. Muhawarar malamai a kan mai rai take, akasarinsu ba su hana siffanta itace ko gini ko tarago ba, kuma shimfiɗa na iya cika ba mutum ba dabba: turmi da taɓarya a tsakar gida, guga a bakin rijiya, amalanke jingine da danga, sun isa su nuna gari ne mai mutane. Wanda ke son ƙari ya tambayi malaminsa. Na biyu gara ce, kuma wannan ja ne na gaskiya. Kara da kwali abincinta ne, ɓera ma bai ƙi ba, don haka abin da aka yi wata shida ana ginawa yana iya zama gari a damina ɗaya. Sai tebur mai ƙafar ƙarfe nesa da bango, da murfi, da ɗaki mai rufi na ƙwarai, abin da ke nufin makaranta ko ofishin magajin gari ko gidan al'adu sun fi ɗakin mutum ɗaya dacewa.

Kan jirgin da dogonsa ne kaɗai za a iya cewa sai an sayo, kuma ko su ba sai da lantarki ba, tunda na farko da Märklin ya yi wani ake yi musu. Wanda zai sayo sai ya kula da faɗi, domin Najeriya da Nijar suna da faɗin dogo har uku. Tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne. Na Kwatano zuwa Faraku da na Yamai zuwa Doso mita ɗaya ne cif. Sabon na Kano zuwa Maraɗi kuwa milimita 1,435 ne, wanda idan aka raba shi 87 zai ba da 16.5, wato dogon HO da ya fi kowanne samuwa da araha, har a cikin tsofaffin kayan wasan da ake sayarwa gwanjo. Mai son tsohon jirgin gyaɗa na Kano zai iya amfani da dogon nan ɗaya, amma sai ya rage komai sau 64, kamar yadda masu sana'ar ke yi a Niyuzilan da Afirka ta Kudu inda faɗin dogonsu ya zo ɗaya da na tsohon layin Najeriya. Layin gaba ɗaya ba zai shiga ɗaki ba, don kilomita 284 a ma'aunin HO ya haura kilomita 3. Tebur mai mita 2 yana ɗaukar mita 174 na ƙasa, wato gada ɗaya a kan ƙorama, da gona, da gidaje uku ko huɗu.